Amsa Ga Malamin Da Ya Ce Ina Son Kamara Ta Maye Gurbin Uwa

Assalamu alaikum Malam,

Na ga tambayar da ka jefo mini a bainar jama'a bayan hirata a rediyo kan wata na'ura mai kamara da ke taimaka wa masu rainon yaran da ba sa iya magana: wai wace irin uwa ce sai kwamfuta ta faɗa mata ɗanta na jin yunwa? Ka ƙara da cewa kuɗin Turawa nake hange. Zancen kuɗi ba zan tsaya kansa ba, waɗanda suka san ni shekara ashirin ina koyarwa sun isa su ba ka amsa. Ta farkon ce ta sosa mini rai.

Ɗana shekararsa tara. Shawara ce ta taɓa masa ƙwaƙwalwa tun kafin suna. Ba ya magana, ba ya zama, jinsa ma kaɗan ne. In ya dunƙule hannun hagu ya karkata kai, ƙishirwa ce. In ya cije leɓe ya sandare, ciwo ne. Babu na'urar da ta koya mini wannan. Amma bara na kwanta asibiti kwana shida, ƙanwata, baiwar Allah, ta yi ta ɗura masa koko alhali cikinsa ne ke murɗawa. Har yau in na tuna sai na yi hawaye.

Saboda irin wannan ranar na kawo zancen INSENSION, aikin da aka fara a 2018 da kuɗin Tarayyar Turai, ƙarƙashin wata cibiyar kwamfuta da ke Poznan a ƙasar Poland. Kamara ce ke lura da fuskar yaro da motsin gaɓoɓinsa, masu rainonsa kuma su ke fassara wa manhajar ma'anar kowane motsi, tunda kowane yaro da nasa yaren. Sanin uwa ake adanawa domin ranar da ba ta kusa.

Da ka tambaye ni ko abin zai gane fuskar baƙin yaro, da na gode maka. Binciken Joy Buolamwini da Timnit Gebru na 2018 ya kama wata manhaja tana kuskure kusan kashi 35 cikin ɗari wajen gane ko mace ce ko namiji a hotunan mata baƙaƙe. Ga matsalar wuta, ga tambayar wa zai riƙe hotunan 'ya'yanmu. Ko ɗaya ba ka taɓo ba, domin tafin mabiyanka kake nema.

Tun Janairun 2019 aka sa hannu kan dokar hana nuna wa naƙasassu wariya a Najeriya, amma har gobe irin ɗana a ƙuryar ɗaki ake ɓoye su, ana kiran su 'yan ruwa. Ban taɓa jin muryarka a kan wannan ba.

Ƙofar gidanmu a buɗe take, Malam. Ka zo ka zauna da shi awa ɗaya, sannan ka faɗa mini me yake so.

Wassalam,
Mahaifiyar yaron