Ba duk ƙwaron ruwa ne ɗan gida ɗaya ba

Malam Edita,

Ina roƙon a ba ni ɗan fili in yi gyara kan wani bayani da ya fito a shafinku na kimiyya, inda marubucin ya haɗa duk ƙwari masu taurin fukafukai da ke iyo a tafki ya ce dangi ɗaya ne. Kuskuren ba na ganganci ba ne, domin galibinsu masu duhun launi ne, masu santsin baya, masu siffar ƙwai, amma kama da wane ba ta wane.

Wanda ya tsuguna a bakin kududdufi ya zuba ido zai ga bambancin da kansa. Ƙwaron dangin Dytiscidae, wato mafarautan, yana tura ƙafafunsa na baya biyu lokaci guda, kuma idan numfashi ya ƙare masa sai ya ɗago ƙarshen cikinsa sama ya ɗebi iska. Shi kuwa ɗan dangin Hydrophilidae, wanda ake wa laƙabi da mai kalen ruwa saboda yana cin ruɓaɓɓen ganye, ƙafa ɗaya bayan ɗaya yake motsawa kamar mai tafiya a tudu, kuma da ka yake tasowa, ya huda saman ruwa da 'yan ƙahonninsa ya janyo iska zuwa ƙarƙashin jikinsa, inda take ƙyalli kamar azurfa. Masana sun sanya su a manyan rassa biyu dabam, na farko a Adephaga, na biyu a Polyphaga, wato dai Hydrophilidae sun fi kusa da buzuzu a zumunci fiye da maƙwabcinsu na cikin ruwa. Laƙabin kale ma bai rufe su duka ba, tun da tsutsarsu farauta take yi.

Tun 1802 Latreille, masanin ƙwari na Faransa, ya raɗa wa dangin Hydrophilidae suna, kuma yau an san jinsi wajen 3,000 a cikinsa. A 1991 Michael Hansen ya tsara rabe-rabensu bisa siffar jiki. Sai a 2013 Andrew Short da Martin Fikáček suka gwada ƙwayoyin gado na DNA, suka sake shirya dangin gida shida, saboda sun tarar tsohon tsarin ya haɗa waɗanda ba kaka ɗaya suke ba, ya kuma raba 'yan'uwa na jini.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne gidan Sphaeridiinae, ɗaya daga cikin gidaje shidan. Yawancinsu ba sa shiga ruwa sam, a kashin shanu da ruɓaɓɓen ciyayi suke rayuwa, irin su Sphaeridium da Cercyon. Mutum zai zaci su ne tsofaffin da suka rage a tudu kafin sauran su faɗa ruwa, amma binciken ya nuna akasin haka, domin reshensu ya fito ne daga tsakiyar masu zaman ruwa. Ke nan kakannin dangin sun bar tudu sun shiga ruwa, daga baya wasu jikoki suka sake fitowa. A ganina wannan ne ya kamata shafinku ya nuna wa ɗalibai, kuma ina fatan marubucin zai dawo kan batun da hotunan ƙwarin biyu gefe da gefe.

Wassalam,
Wani mai karanta jaridarku