Sanarwa Kan Zaɓen Ƙamus na Koyon Turanci

Assalamu alaikum iyaye da malamai, ƴan wannan rukuni namu na Katsina.

Da dama daga cikinku sun tambayi wane ƙamus ya dace a saya wa yaranmu masu shirin jarrabawar WAEC da NECO. Shawarata ita ce a nemi wanda aka tsara musamman domin mai koyo, kamar Oxford Advanced Learner's Dictionary, wanda A. S. Hornby ya fara fitarwa a 1948, ko Longman Dictionary of Contemporary English, mai bayanin ma'ana da sauƙaƙan kalmomi kusan 2,000, ta yadda yaron da bai yi nisa ba zai fahimta ba tare da ya ruɗe ba.

Don Allah kafin ku biya kuɗi, ku buɗe littafin a gaban mai shago, ku duba ko akwai misalan jimloli da alamomin furuci. Bara na saya wa ɗiyata wani mai arha a kasuwa, sai da muka isa gida na ga rubutun ya dushe, shafukan harafin M kuma babu su gaba ɗaya.