Ba batir ne ke da laifi ba, waya ce: a koya wa yaranmu lissafin wuta da Hausa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ni mai haɗa wayar wuta ne a nan Maraɗi, na haura shekara ashirin a kan sana'ar. Ina roƙon fili a jaridarku saboda wani abu da ke ci mini rai tun 2023, lokacin da aka yanke wutar da ke zuwa mana daga Nijeriya, jama'a suka raja'a kan farantin sola da batir da inbata, na'urar da ke mai da wutar batir irin ta gida. Kayan sun shiga gidaje da shaguna, amma lissafinsu bai shiga ba.

Kwanakin baya wani ƙanena mai shagon cajin salula da ruwan sanyi kusa da babbar kasuwa ya kira ni ransa a ɓace. Ya ce, "Yaya, an cuce ni, batirin nan sabo ne amma inbata sai kuka yake yana mutuwa." Da na je na kai hannu kan wayar da ta haɗa batir da inbata, sai da na janye. Robar ta yi laushi, har ta fara wari, ga kwalaye jibge a gefe. Yaron da ya yi masa aikin ya sa siririyar waya mai kaurin 1.5 (murabba'in milimita), irin wadda muke ja wa ƙwan fitila. Na tambaye shi dalili, ya ce, "Maigida, ai bolt 12 ne kawai, ko a hannu ba ya ja." Ban yi masa faɗa ba, don babu wanda ya taɓa gaya masa.

Ga abin da na zana masa a bayan kwali. Abu uku ne a cikin wuta. Bolt shi ne ƙarfin turi. Amper shi ne yawan wutar da ke bi ta cikin waya. Sai turjiya, wato yadda waya ko na'ura ke hana wuta wucewa, ana auna ta da om, sunan Bajamushen nan Georg Ohm da ya bayyana ƙa'idar a 1827. Ka raba bolt da amper, ka samu om. Ka ninka bolt da amper, ka samu wat, ƙarfin aikin da na'ura ke ci. Dutsen guga mai wat 1100 a kan wutar gida ta bolt 220 yana jan amper 5, turjiyarsa kuwa 220 a raba da 5, om 44.

To a shagon ƙanena, firji da fanka da caja duka sun kai wat 600. Da a kan bolt 220 ne, amper bai kai 3 ba, siririyar waya za ta ɗauka ba ta ko ji ba. Amma tsakanin batir da inbata bolt 12 ne. Raba 600 da 12: amper 50! Abin da mutane ba su gane ba ke nan: in wat bai canza ba, bolt ya yi ƙasa, amper hawa yake, kuma amper ne ke dafa waya.

Ita ma wayar tana da tata turjiya. Jan ƙarfe mai kaurin 1.5 yana da kusan om 0.012 a kowace mita. An ajiye batirin mita 3 daga inbata, zuwa da dawowa mita 6, om 0.072 ke nan. Wani zai ce wannan ai ba komai ba ne. Ninka shi da amper 50 ka gani: bolt 3.6 sun zube a hanya, inbata yana samun takwas da 'yan kai, dole ya yi kuka. Sake ninka 3.6 da 50: wat 180 na zama zafi a cikin wayar, kamar an kunna ƙaramin murhu a bayan kwalaye. Da daddare kuma rufe shagon ake yi, firji na aiki.

Muka matso da batirin kusa, mita guda, muka sa waya mai kaurin 16 da fis, mai yanke wuta in ta yi yawa, a bakin batir. Asarar ta koma wajen bolt 0.1. Batirin da aka zaga yana nan yana aiki lafiya lau.

Akwai kuma wayar da ake sayarwa da araha, fuskarta jan ƙarfe, cikinta alminiyom. Ka kankare ta da wuƙa za ka ga fari. Turjiyarta ta fi ta jan ƙarfe na gaske da fiye da rabi, don haka zafinta ya fi. Araha ba ta ado, balle a wurin wuta.

Abin da ke ba ni takaici shi ne, yaran da ke hannunmu ba daƙiƙai ba ne. Suna lissafin dala da jikka da ka, sun fi mai na'ura sauri. Amma wannan darasi a lekol da Faransanci ake yin sa, da haruffan U da R da I a madadin bolt da om da amper, yawancin masu koyon sana'a kuwa ba su kai ajin ba. Yaron nan da na yi wa bayani da Hausa, kafin la'asar shi da kansa ya lissafa mini amper ɗin famfon ruwa na wani mai lambu a bakin Gulbi.

Ina kira ga gidajen rediyon Maraɗi, da malaman Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, da mu kanmu iyayen gidan sana'a, mu zauna mu daidaita kalmomin nan da Hausa, a riƙa karanta su. Ku ma, Malam Edita, in za ku ware ɗan gurbi ko sau ɗaya a wata, ni zan riƙa aiko muku da misalai daga wurin aiki. Na gaba shi ne na fankar da ke juyawa a hankali a gidan da aka jawo wa wuta daga maƙwabta da waya mai tsawon mita 100.

Naku,
Mai haɗa wayar wuta, unguwar Zariya, Maraɗi.