Kafin matasanmu su zuba kuɗi a kan na'urorin haɗa kiɗa na hannu

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon a ba ni ɗan fili in yi magana a kan wani ciniki da nake ganin ya fara jan hankalin matasa masu haɗa kiɗa, wato sayen na'urorin naɗar sauti da akwatunan kiɗa na hannu, waɗanda aka gama amfani da su a Turai da Amurka da Japan kafin su iso gare mu. Sana'ata gyaran kayan sauti ce a nan Kano, kuma idan irin wannan ciniki ya ɓaci, a kan teburina yake ƙarewa.

Ga mai karatun da bai san su ba, samfula na'ura ce da take naɗar ɗan gajeren sauti, ko bugun ganga ko tafi ko murya, ta ba mutum damar yanka shi, ya ɗora shi a kan maɓallan roba, sa'an nan ya riƙa buga shi da yatsu yadda yake so. Wadda ta fi suna ita ce MPC ta kamfanin Akai, wadda ta fara fitowa a 1988 da sunan MPC60 bisa tsarin Roger Linn, da maɓallanta goma sha shida. Akwatin kiɗa kuwa yana zuwa ne da sautukansa a ciki, kuma kamfanin Roland ne ya raɗa masa suna Groovebox lokacin da ya fitar da MC-303 a 1996. Mai saye ya riƙe wannan bambanci da kyau, domin MC-303 ba ta naɗar komai daga waje, kuma na taɓa ganin wanda ya saye ta da niyyar ɗaukar kiɗan gurmi, bai gane kuskurensa ba sai da ya kai ta gida yana neman inda zai soka makirfo.

Ba na cikin masu hana matasa sayen waɗannan kaya. Shekara da shekaru kiɗan situdiyonmu yana dogara ga sautin gangunan da aka ɗura a cikin fiyano, har kunne ya saba da kalangun da ba kalangu ba, alhali makaɗan kalangu da kotso da kukuma suna nan da ransu. Na'urar da za ta sa yaro ya je ya durƙusa gaban makaɗi ya naɗo bugun hannunsa abin maraba ce a wurina. Abin da yake damuna shi ne yadda ake sayen su, domin mafi yawansa cinikin biri a sama ne: an ga hoto a waya, an ga fitilu suna ci, an tura kuɗi.

A damunar da ta wuce wani saurayi ya shigo shagona rungume da wata tsohuwar samfula da ya naɗe a cikin zane kamar jariri. Ya ce kuɗin adashinsa na wata da watanni ya haɗa da na wayarsa da ya sayar, ya tura wa wani da bai taɓa gani ba, aka sako masa ita a mota. Da isarsa gida ya jona ta a bango, ta yi wani ɗan ƙara, fitilarta ta haska sau ɗaya, ɗaki ya gauraye da ƙauri. Na juya bayanta na nuna masa ɗan rubutun da ke kusa da inda wayar wuta take shiga, inda aka buga 100V ƙarara. Na'urar an yi ta ne don kasuwar Japan, inda ƙarfin wutar gida yake bolt 100, na Amurka kuwa 120, alhali namu a Najeriya da Nijar yana tsakanin 220 da 230. Da na kwance ta na tarar taransfomar ta yi baƙi ƙirin, wutar kuma ta wuce ta taɓa allon da ke bayanta. Ya tsaya yana kallona, ya ce, "Baba, ai mai ita ya rantse mini tana aiki." Na ce masa wataƙila bai yi ƙarya ba, tana aiki a inda aka yi ta domin su. Da ya san ya karanta wannan rubutu, ƙaramar taransfomar rage wuta da ba ta kai kashi ɗaya bisa goma na kuɗin na'urar ba ta ishe shi. Wadda aka rubuta mata 100 zuwa 240 ita ce ake jonawa kai tsaye ba fargaba.

Haka nan masu amfani da adafta suna da nasu tarkon. Sau da yawa na'urar takan iso ba tare da adaftarta ta asali ba, sai mai saye ya ɗauko duk wadda bakinta ya shiga, bai san cewa da yawa daga kayan Roland da Boss suna karɓar wutar ne a juye da yadda adaftocin kasuwa suke ba da ita ba. Akwai ɗan zane a jikin kowace na'ura da yake nuna haka, kuma duba shi ba ya cin minti ɗaya.

Bayan wuta sai ma'ajiya, kuma a nan ne araha take nuna cewa ba ta ado. Tsofaffin MPC irin su MPC2000 ta 1997 a faifan fulofi, wato tsohon faifan ajiyar kwamfuta, suke ajiye aiki, wasu kuma a faifan Zip, kuma duk wanda ya nemi ɗaya daga cikinsu a kasuwa yau ya san wahalar da nake nufi. Boss SP-303 da Korg Electribe ESX-1 ta farko suna amfani da katin SmartMedia, wanda aka daɗe da daina yi, wanda kuma mafi girmansa bai wuce megabait 128 ba. Idan mutum ya kashe irin waɗannan tsofaffin MPC bai adana aikinsa ba, ko aka ɗauke wuta yana tsaka da aiki, duk abin da ya naɗa ya tafi, kuma ba sai na tuna wa mai karatu yadda wutarmu take ba. Saboda haka nakan shawarci wanda aiki yake nema, ba kayan tarihi ba, ya nemi wadda take karɓar katin SD ko kebul, irin su SP-404SX ta 2009, wadda har da batir shida na rediyo take tashi, ko MPC One ta 2020 idan aljihu ya kai. Tsadar da tsohuwar samfular nan E-mu SP-1200 take yi a ƙasashen waje tsadar suna ce da ƙaunar sautin wani zamani, domin duka abin da take iya naɗa daƙiƙa goma ne.

Akwai kuma waɗanda kamanninsu yake yaudara. Maschine ta kamfanin Native Instruments, in ban da samfurin Maschine+, da MPC Renaissance da MPC Studio, ba sa fitar da sauti su kaɗai sai an haɗa su da kwamfuta mai ɗauke da manhajarsu. Ita Maschine lasisin manhajarta yana rajiste ne da sunan mai ita na farko, kuma idan bai sake shi ba, wanda ya saya zai sha fama kafin ya mori abin da ya biya.

Wanda ya samu damar riƙe na'urar a hannu kada ya yi gaggawa, ko da mai shago ya fara ɓata rai. Ya buga kowane maɓalli a hankali sa'an nan da ƙarfi, ya ji ko sautin yana bin nauyin hannunsa, domin MPC1000 na farko-farko sun yi ƙaurin suna wajen mutuwar maɓalli ɗaya bayan ɗaya. Ya murɗa kowane abin murɗawa yana sauraren ƙarar ƙasa, ya duba gilashin ko akwai layukan da suka mutu, ya naɗi muryarsa, ya adana, ya kashe, ya kunna, ya ga ko ta dawo. Ya bar ta a kunne kamar rabin awa, domin wani ciwon ba ya bayyana sai ciki ya ɗauki zafi. Ya kuma gwada ko tana yarda a raba bugu gida uku-uku, saboda yawancin akwatunan nan a kan taku goma sha shida aka gina su, alhali da yawa daga kiɗanmu na gargajiya a kan shida ko goma sha biyu suke tafiya, kuma akwatin da ya ƙi wannan zai tilasta wa kalangu tafiyar da ba tasa ba.

Ga 'yan kasuwa da dillalai kuma, na san kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, kuma ba wanda yake tsammanin kayan hannu su zama sababbi fil. Amma tsufan da ido yake gani daban ne da aibin da aka sani aka ɓoye, kuma malamanmu na fiƙihu sun daɗe da bayyana cewa mai saye yana da haƙƙin mayar da haja idan ya tarar da tsohon aibin da ba a faɗa masa ba. Ina roƙon su riƙa ajiye wuta da lasifika a shago domin gwaji, su rubuta lambar jikin na'ura a kan rasit, su ba da ko kwana uku na mayarwa, wanda kuma bai gwada kayansa ba ya faɗa a fili cewa bai gwada ba, a yi ciniki a kan haka.

Na'urar wancan saurayi tana nan a kan kantata, na rufe ta da leda saboda ƙurar hunturu. Na sa an sake naɗa mata taransfoma, amma ƙaramin abin da ya ƙone a allonta sai an samu wata matacciya irinta a ciro, kuma har yau ba ta faɗo ba. Yakan leƙo duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya tambaya, kafin nan kuma yana haɗa kiɗansa da manhaja a wayar ƙaninsa.

Na gode da filin da aka ba ni. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wani mai gyaran kayan sauti,
Kano.