A auna ƙasa kafin a ɗora manyan gine-gine a Gombe

Malam Edita,

Girgizar ƙasar da aka ji a Kwoi ta Jihar Kaduna a 2016 da Mpape ta Abuja a 2018 ta isa gargaɗi. Gombe na cikin kwarin Gongola, inda duwatsun ƙarƙashi ke da tsoffin tsagogi, wato wuraren da dutse ya karye, waɗanda motsinsu kan haddasa girgizar ƙasa. Muna roƙon hukuma ta auna ƙasa kafin ta gina asibiti ko wani babban aiki kusa da madatsar Dadin Kowa.

Ga yadda ake aunawar: ana shimfiɗa layi ya gitta inda ake zargin tsagar, a kakkafa na'urorin sauraron girgiza 48, tazarar mita 2. Sai a buga guduma mai kilo 7 kan faifan ƙarfe, sau 5 zuwa 10 a kowane wuri, kwamfuta ta tattara amsa-kuwwar da shimfiɗun dutse suka maido. Inda shimfiɗa ta yanke, gefe ɗaya ya sauka, nan tsagar take.

Busasshen yashi na haɗiye sautin, don haka a ɗan tona, a soke ƙafar na'urar cikin ƙasa mai tauri. Ƙarar tirela da janareta ma na dagula bayanan. A yi aikin da asuba.

Ganin tsaga bai nuna tana motsi ba. Sai an haƙa rami a kanta an duba ko ta karya ƙasar sama ta baya-bayan nan.

Masu nazarin ƙasa da duwatsu,
Gombe