Wasiƙa zuwa ga aminina kan kwamfuta da gwanayen ces

Kano.

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali, yaya aiki, yaya kuma sanyin can? Shirun namu ya yi tsawo, kuma saƙon da ka aiko ta bakin ƙanenka ne ya sa na ɗauki alƙalami, inda ka ce har gobe ba ka yarda akwai manhajar da za ta doke Magnus Carlsen, gwanin wasan ces ɗan ƙasar Norway, ba, muddin ya zauna ya natsu. Malam, na san ka da kafiya tun muna makaranta, amma wannan magana ba zan bar ka a kanta ba.

Na san inda ka kafa hujjarka. A shekarar 1996 Garry Kasparov, zakaran duniya na lokacin, ya kara da Deep Blue, na'urar kamfanin IBM, a birnin Philadelphia, ya sha kaye a wasan farko, amma ya farfaɗo ya cinye karawar da maki 4 da 2. A watan Mayun 1997 aka sake haɗuwa a New York, bayan an ƙara wa na'urar ƙarfi har tana iya auna yanayin allo kusan miliyan 200 a daƙiƙa guda, sai ta yi nasara da maki 3½ da 2½. Kasparov ya yi zargin akwai hannun mutum a wasa na biyu, ya nemi a sake karawa, kamfanin bai amince ba. Kai kuma a nan ka tsaya, alhali duniya ta yi gaba.

Dubi abin da ya faru a birnin Bonn na Jamus a 2006. Vladimir Kramnik yana riƙe da kambun duniya, ya zauna da Deep Fritz, manhajar da kowa zai iya saya ya ɗora a kwamfutarsa, aka yi wasa shida, aka tashi 4 da 2, kuma bai ci ko guda ba: huɗu canjaras, biyu ya faɗi. Wasa na biyu ne yake tsaya mini a rai. Sarkinsa yana lungun allo, dokin abokin karawa yana kusa da shi a layin ƙarshe, sarauniya kuma tana jiran taku ɗaya ta sauka gaban sarkin a gama. Kramnik bai gani ba, ya matsar da tasa sarauniyar wani wuri, nan take wasa ya ƙare. Wannan kuskure ne da ko yaran majalisarmu za su ji kunyarsa, amma ga shi ya faɗa wa zakaran duniya, domin ɗan Adam yana gajiya, hankalinsa yana rabuwa, ita kuwa na'ura ba ta san gajiya ba. Natsuwar da kake jingina da ita ke nan, kuma babu wanda yake iya riƙe ta sa'o'i biyar ko shida ba tare da ta kuɓuce masa ba.

Tun daga nan ba a ƙara shirya wata babbar karawa tsakanin zakaran duniya da manhaja a kan daidaito ba. Idan za a yi yanzu, sai an cire wa manhajar soja ko doki tun kafin a fara. Carlsen ya kai maki 2882 a ma'aunin ƙarfin 'yan wasa a 2014, kuma babu ɗan Adam da ya taɓa wuce haka, ita kuwa manhajar Stockfish ta haura 3500 a jadawalin manhajoji. Gaskiya ne ma'aunin biyu ba ɗaya ba ne, tun da su manhajoji da junansu ake gwada su, amma tazarar ta fi ƙarfin a ce bambancin ma'auni ne. Kuma Stockfish kyauta ce, duk yaron da ya sayi wayar hannu a Farm Centre zai iya sauke ta kafin ya iso gida.

Wadda ta fi burge ni ita ce AlphaZero ta kamfanin DeepMind. A 2017 aka ba ta dokokin wasa kawai, ba a nuna mata wasan kowane gwani ba, ta yi ta karawa da kanta har ta ƙware, sannan ta yi wasa 100 da Stockfish ta wancan lokaci, ta ci 28, aka yi canjaras 72, ba a ci ta ko sau ɗaya ba. Tana iya sadaukar da soja domin wata riba da ba za ta bayyana ba sai can gaba, tana tura sojan gefen allo tun da wuri, kuma yau manyan gwanaye sun ɗauki wannan salo. Ka ga ɗalibi ya zama malami.

To amma ba wannan ne yake damuna ba. Damuwata tana majalisarmu. Ka tuna yadda muke yi bayan la'asar, a gama wasa a mayar da 'ya'yan allo inda suke, a yi ta musu a kan taku guda har a kira magariba? Yanzu da an tashi sai kowa ya zaro waya, manhaja ta ce taku na kaza ne kuskure, shi ke nan an rufe magana, kuma idan ka tambayi yaro dalili sai ya yi shiru, domin amsar ya gani, bai fahimce ta ba. Ga kuma zargi da ya shigo tsakaninsu. Kwanan baya wani yaro ya tashi ana tsakiyar wasa ya zagaya, ya dawo ya yi wani taku mai kyau ƙwarai, sai aka ce waya ya duba. Ya rantse, ya yi fushi, har yau bai dawo ba, ni kuwa zuciyata tana gaya mini da kansa ya gano shi. Abin ya kai har manyan gasa, inda ake caje 'yan wasa da na'ura kafin su shiga zaure.

Saboda haka na kawo shawara, Alhaji kuma ya goyi baya, cewa a riƙa ajiye wayoyi a wurin mai shayi har sai 'yan wasan biyu sun bayyana abin da kowa ya nufa, daga nan a tambayi manhaja. Hujjar da na ba su ita ce Gukesh, ɗan Indiya da ya zama zakaran duniya a Disambar 2024 yana da shekara 18, wanda malaminsa ya nisanta shi daga manhaja a shekarunsa na farko domin ya koyi lissafi da kansa. Ƙanenka ya fi kowa gunaguni, sai ka ja masa kunne.

Ina so mu fara wasa ta saƙo, taku ɗaya kowace rana, bisa amanar cewa babu mai duba waya. Ni ne da farare, kuma na tura sojan gaban sarki gida biyu. Ka gaida mai ɗakinka da yara, mutanen gida duk suna gaishe ka.

Wassalam,
Naka amini.