Dan Allah kar a mayar da kwamfuta ogan ma'aikata

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina roƙon ka ɗan ba ni fili a wannan jarida tamu in faɗi wata magana da ta daɗe tana ci min rai, wato wannan yayin da ake yi na cewa wai a cire manajoji a sa ƙirƙirarriyar basira, AI ɗin nan, ta riƙa raba aiki da auna ƙwazo da ba da gargaɗi har ma da sallamar mutum. Ni ma'aikaci ne, na yi aiki a ƙarƙashin mutum kuma na ɗanɗana aiki a ƙarƙashin manhaja, shi ya sa nake ganin ina da ta cewa.

Abin ya wuce hira fa. A watan Agusta na 2022 wani kamfanin wasannin intanet na ƙasar Sin mai suna NetDragon ya sanar da cewa ya naɗa AI mai suna Tang Yu shugabar wani reshensa. Mutane suka ɗauka neman suna ne kawai, amma a ƙasa inda talakan ma'aikaci yake tuni an yi nisa. A 2019 takardu suka fito suna nuna yadda sistem ɗin Amazon, kamfanin nan na sayar da kaya ta intanet, ke ƙirga mintocin da ma'aikacin sito ya yi bai taɓa kaya ba, kuma yana iya fitar da takardar gargaɗi ko ta kora da kansa, a sitonsu ɗaya na birnin Baltimore a Amurka kusan mutum 300 aka sallama tsakanin Agustan 2017 da Satumban 2018 saboda rashin cika adadi. Kamfanin ya ce masu kula da ma'aikata suna da ikon soke hukuncin. To amma sai da jihar Kalifoniya ta yi doka a 2021 tana cewa ba a yarda adadin da ake ɗora wa ma'aikacin sito ya hana shi hutu ko zagayawa ba, kai ka ji, sai an yi doka kafin ɗan Adam ya shiga banɗaki hankali kwance.

Inda na taɓa aiki muna amsa kiran kwastomomi ne, mu kusan ashirin a ɗaki ɗaya, kowa da abin magana a kunne. Akwai wani abokin aikinmu mai ƙwazo wanda kwatsam aikinsa ya ja baya, yana makara, yana amsa kira murya a mace. Shugabarmu ta lokacin ba ta ce masa komai a gaban mutane ba, ta bari aka tashi ta kira shi gefe ta ce lafiya kuwa, a nan ya gaya mata mahaifiyarsa ce a kwance a asibiti shi yake kwana a wajenta. Ta mayar da shi aikin yamma na wata guda, ta roƙi mutum biyu a cikinmu muka yi musanya da shi, shi kenan, ya dawo yadda yake. Bayan ta bar wurin aka kawo manhajar da ke tsara jadawali tana kuma ba kowa maki, aka kafa allo a bango, sunanka kore ne ko ja. Wallahi na ga wata baiwar Allah tana katse tsoho a waya tun bai gama bayani ba, idonta na kan agogon da ke gefen kwamfutarta, don in kiran ya wuce minti kaza sunanta zai koma ja, kuma gargaɗin zai shigo wayarta cikin dare, ba sa hannun kowa, ba wanda za ta je ta ce masa tsaya ka ji yadda aka yi.

Na san abin da wasu za su ce, ai manajojin ma ba waliyyai ba ne, akwai son kai da wa-ka-sani da danne na ƙasa. Gaskiya ne, na ga irinsu da idona. Amma AI daga tsoffin bayanan da mutane suka tara take koyo, in son kai ne a ciki shi za ta haddace ta maimaita wa dubban mutane lokaci guda. Amazon ɗin dai sun gwada manhajar tantance masu neman aiki, aka ciyar da ita takardun shekara 10 waɗanda yawancinsu na maza ne, sai ta koyi rage makin takardar da kalmar mata ta fito a ciki, a 2018 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ba da labarin cewa sun watsar da ita. A Italiya kuma wata kotu a Bologna a ƙarshen 2020 ta yanke cewa manhajar Deliveroo, kamfanin kai wa mutane abinci gida, tana nuna wariya, don in mai kai saƙo ya soke aikinsa a ƙurarren lokaci makinsa zai faɗi, ba ruwanta ko rashin lafiya ce ko yajin aiki ne ko lalaci. Mugun manaja kana iya kai ƙararsa sama, kana iya kallon idonsa ka ce ka zalunce ni, a kira shaidu. Manhaja fa, wa za ka kama?

Su kansu masu fasahar sun taɓa gwadawa. A 2002 Google suka cire manajojin injiniyoyinsu, ba a yi wata nawa ba suka dawo da su saboda kowa ya koma yana kai wa Larry Page, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin, ƙorafin rigima da abokin aiki da maganar kuɗin da ya kashe. Daga baya da suka yi binciken da suka kira Project Oxygen, abin da ya zo kan gaba a halayen manaja nagari shi ne iya koyar da na ƙasa da jan su a jiki, ƙwarewar fasaha ita ce ta ƙarshe a cikin takwas.

Ni ban ƙi AI ta taimaka ba, ta tsara jadawali, ta haɗa rahoto, ta tuna wa oga abin da ya manta, hakan ma zai ba shi lokacin zama da mutanensa. Inda na ja layi shi ne hukunci kan hanyar samun mutum. A Afrilun 2023 kotun ɗaukaka ƙara ta Amsterdam ta ba wasu direbobin Uber, manhajar nan ta kiran motar haya, gaskiya kan rufe musu akawun, ta ce dubawar da kamfanin ya ce mutane sun yi kusan ta jeka-na-yi-ka ce, kuma a 2024 Tarayyar Turai ta amince da ƙa'idar da ta ce dole mutum ne zai yanke hukuncin korar ma'aikacin irin waɗannan manhajoji. Wannan nake so ƙungiyoyin ƙwadago su riƙe tun kafin a zo a ce musu an riga an sayi sistem.

Ranka ya daɗe, don Allah ka tura 'yan jaridarka wuraren da aka fara amfani da waɗannan manhajoji, kar su tsaya a ofishin shugaba, su samu ma'aikatan bayan an tashi su tambaye su wa ke sa hannu a takardar gargaɗinsu, kuma wa suke gani in suna da uzuri.

Na gode,
Wani ma'aikaci mai karanta jaridarku